Kwana Goma Sha Tara Ba a Ɗauke Wuta Ba

Injiniya tana durƙushe a bayan firjin jini, hannunta ɗaya cikin wayoyi, ɗayan riƙe da sukudireba, lokacin da tsohon ya sake faɗa a karo na uku, "Wallahi 'yata na auna. Sau biyu na auna kafin in haɗa."

"Na ji, Baba. Haska min nan."

Ya haska, amma hasken sai yawo yake a bango. Baba Mai Wuta ke nan, haka duk asibitin ke kiransa, daga masu gadi har likitoci. Shekararsa ashirin da shida yana bin wayoyin gidan nan, ya san inda kowace ta bi fiye da yadda ya san hanyar gidan surukansa. Yau kuwa ya zama abin tausayi, ko ido ba ya iya haɗawa da kowa.

Abin da ya faru bai da tsawon bayani. A ƙarshen mako fankar firjin ta tsaya. Da safiyar nan Sista mai kula da ɗakin jini ta buɗe ƙofa, iska mai ɗumi ta buso mata a fuska. Leda sittin da biyu na jini sun tashi aiki. An ɗage tiyata biyu, an baza mutane neman jini a wasu asibitoci. Firji dai yakan lalace, wannan ba sabon abu ba ne, shi ya sa ma aka liƙa masa wani ɗan akwati fari na kamfanin su Injiniya. Aikinsa ɗaya tak: kowane minti biyar ya auna sanyi, in ya ga ɗumi ya shigo ya yi jiniya, ya tura wa Sista saƙo a waya. Akwatin bai ce uffan ba.

"Shekara shida abin nan bai taɓa ko tari ba," in ji Sista daga bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa a ƙirji. "Sati uku da aka ce an haɗa mana hasken rana da batura, sai ga shi. Ai ba sai an je gidan boka ba."

"Sista, a bari in duba tukuna."

"Ki duba. Kwamiti dai ƙarfe huɗu zai zauna, kuma an ce yau za a sallami wanda ya yi sakaci."

Baba Mai Wuta ya sunkuyar da kai. Shi ne ya yi ta naci a kan hasken ranan nan har aka yarda, shi ya hau rufi da gwiwarsa mai ciwo. Injiniya ta kwance notin ƙarshe, ta zaro akwatin, ta shinshina shi. Babu warin ƙuna. Ta juya shi, ta leƙa ta ramukan iska, ba ta ga baƙi ko ɗigo ba. A ranta ta so ta ga ƙunar, don da ta gani da an huta.

A bas ta rungume akwatin a cinya kamar jariri. Ba a yi nisa ba Manajan kamfaninsu ya kira.

"Wuta ce ko?"

"Ban sani ba tukuna."

"Wuta ce. Ki rubuta rahoto kafin biyu, tare za mu je."

Da ta isa ofis ba ta ko cire mayafi ba ta jona shi a teburinta. Fitilarsa ta yi kore, ya tashi garau, ya soma auna sanyin ofis kamar bai taɓa yin laifi a duniya ba. Abin da wuta ta kashe ba ya tashi haka. Ta buɗe kundin da akwatin ke rubuta duk abin da ya same shi, ta gangara ƙasa. Layin ƙarshe, da yammacin Juma'a, kalma uku ne: memori ya cika.

A cikin akwatin akwai wata manhaja da suke kira tafinta. Ita Injiniya ce ta rubuta ta, kuma da ita take taƙama. Amfaninta shi ne mutum irin Sista, da bai karanci kwamfuta ba, ya iya rubuta doka a sauƙaƙe, misali in awo ya wuce digiri shida a yi jiniya, tafinta kuma ta karanta ta aiwatar. Duk sanda tafinta za ta riƙe wata lamba ko kalma, sai ta ari ɗan gurbi daga memori, wato ma'ajiyar akwatin, in ta gama ta mayar. Kamar aron kujeru ne daga maƙwabta: kowace kujera akwai ƙidayar masu riƙe da ita, in ƙidayar ta koma sifili a mayar wa mai ita. In kuwa ana ara ba a mayarwa, wata rana za a je aro a tarar babu ko ɗaya. Abin da kalmomin nan uku ke nufi ke nan.

Ta fara da fatan laifin wani ne, gaskiya ke nan. Ta kwafo dokokin da Sista ta rubuta, ta bi su layi-layi tana neman inda ta yi kwamacala. Layi tara ne, tsaf da su, ko waƙafi bai ɓata ba. Ta gwada su a kan kwamfutarta, komai ya wuce lafiya, ta ja tsaki don ta san wannan gwajin banza ne: memorin kwamfutarta teku ne, ko shekara aka yi ana ɗiba ba za a gane ba. Sai ta koma kan akwatin kansa. Ta ruɗi agogonsa yadda kwana guda zai wuce cikin minti guda, ta sa ya riƙa buga mata yawan gurbin da ya rage. Ta yi tagumi tana kallo.

Lambar ta soma sauka. Ba da gudu ba, a hankali, kuma ba ta taɓa hawa ko sau ɗaya ba. A minti na goma sha tara fitilar ta daskare.

"Innalillahi," ta ce a fili, har na teburin kusa ya ɗago kai ya mayar.

Yanzu sauran a san wa ke ara ba ya mayarwa. Ta sa tafinta ta riƙa rubuta kowane aro da kowace mayarwa, da layin da ya yi su. Wannan ya ci mata awa guda, don da farko rubutun kansa ya cinye memorin kafin a je ko'ina, sai da ta karkatar da shi ta waya zuwa kwamfutarta. Ta sake sakin agogo. Da ta cire waɗanda aka mayar daga waɗanda aka ara, aka bar ta da dubu biyar da ɗari huɗu da 'yan kai. Dukansu girmansu ɗaya, baiti arba'in da takwas, abin da bai kai a rubuta adireshin gida ba. Dukansu kuma daga wuri ɗaya suka fito, inda tafinta ke haɗa lambar sanyi da kalma don ta rubuta a kundi. Kowane minti biyar, guda ɗaya ya tafi bai dawo ba.

Ta buɗe wurin. Ba ta sha wahalar nema ba, layin yana zaune a fili: ƙarin ɗaya a kan ƙidaya, wanda babu inda aka rage shi. A samansa akwai ɗan bayani da mai rubutun ya bar wa kansa: Na wucin gadi, a dawo a gyara.

Ba ta buƙatar duba tarihin fayil ɗin, amma ta duba, irin yadda mutum ke taɓa ƙurji ya san zai yi zafi. Sunanta ne, da kwanan wata na shekara shida da suka wuce.

Ta tuna satin sarai. Cikin 'yarta Nana yana wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, saura kwana biyu a kai akwatunan farko, ga shi suna mutuwa ba gaira ba dalili. Ta gano ana mayar da wani gurbi sau biyu, amma ba ta gano wa ke yin na biyun ba. Sai ta ƙara ɗaya a ƙidayar don kada a mayar da shi kwata-kwata. Mutuwar ta tsaya cak. Manaja ya tara ofis ya ce a tafa mata. Ta ce a ranta da ta dawo daga haihuwa za ta gyara. Yau Nana tana aji ɗaya, haƙoranta na gaba sun zube.

Kunya ta rufe ta, sai kuma wata tambaya ta biyo baya. In kwana goma sha tara ne iyakarsa, ya aka yi ya kai shekara shida? Ta koma kundin, ta ware duk layukan da ke cewa akwatin ya tashi daga farko. Sun fi dubu biyu. Wata rana sau uku, wata rana sau biyar. Mafi daɗewar da ya taɓa yi a kunne kwana huɗu ne. Duk sanda aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi, akwatin ya mutu ya farfaɗo, memorinsa ya koma fes. Ashe duk tsinuwar da ake yi wa masu ɗauke wuta, su ne ke share mata ɓarnarta kullum ba ta sani ba. Layin tashi na ƙarshe kuwa ranar da Baba Mai Wuta ya gama haɗa baturansa ne. Daga ranar wuta ba ta ko ƙifta ba. Tsohon ya yi aikinsa yadda ya kamata, shi ya sa asirinta ya tonu.

Manaja ya saurare ta har ƙarshe yana juya biro a yatsu. Sannan ya tashi ya tura ƙofa.

"Wa ya san wannan?"

"Ni da kai."

"To ya tsaya nan. Gyaran zai ɗau kwana nawa?"

"In gano ainihin mai mayarwa sau biyu, kwana biyu ko uku. Kafin nan zan iya sa kowane akwati ya riƙa kashe kansa ya tashi kullum da safe."

"Madalla. Yi wannan yau, ki tura wa duka. A rahoto kuma ki rubuta cewa sauyin tsarin wuta ne ya shafi na'urar." Ya buɗe hannuwa. "Ƙarya ce?"

"Ba ƙarya ba ce."

"To?"

"Amma an bar jaki ana dukan taiki, Manaja. Korarsa za su yi."

"Mutumin da saura ƙiris ya yi ritaya? Haba, Injiniya. Asibiti arba'in ke da akwatinmu. Mutum goma sha ɗaya ke ofis ɗin nan, kowa da iyalinsa. Ke kanki, in labarin nan ya fita, wa zai sake ba ki ko agogon bango ki gyara? Ni ban ce ki yi wa kowa sharri ba. Ki rubuta abin da ya faru, ki bar abin da ba a tambaye ki ba."

Abin haushi shi ne ba mugu ba ne. Shi ya ɗauke ta aiki lokacin da wasu ke cewa mace mai ƙaramin ciki ba ta da amfani. Ta koma teburinta ta tura wa akwatunan umarnin tashi kullum, don wannan ko babu komai dole ne a yi shi. Sannan ta rubuta rahoton yadda ya ce, layi huɗu, ta buga. Ta shiga ɗakin shan shayi ta kira mijinta.

"Abban Nana, na yi ɓarna."

"Subhanallahi. An rasa rai?"

"A'a. Amma wani za a kora a kaina."

Cikin hayaniyar titi ta ji ya ce, "Kin ci abinci?"

"Ina maka maganar kora kana min maganar abinci!"

"Na san ki ne, in ba ki ci ba kuka kike yi a gaban mutane. Ni zan ɗauko Nana. Ki ci wani abu."

Ta kashe wayar da haushi, ta tsaya ta ci biskit biyu a tsaye, ba ta ji ɗanɗanonsu ba.

A barandar ofishin babban likita suka tarar da Baba Mai Wuta zaune a benci. Ya je gida ya sake kaya, ya sa riga fara mai karin guga, ya bar kakin aikinsa. A cinyarsa akwai tsohon littafin da yake rubuta awon wuta, bangonsa duk baƙin mai. Manaja ya gaishe shi sama-sama ya shige. Ita kuwa sai tsohon ya yafito ta.

"'Yata, ke kin yi karatu. Duba min wannan ko da kuskure."

Ya miƙo takarda a ninke. Wasiƙar neman afuwa ce, da rubutun hannu manya-manya, an danna biro har ya huda. Ya ce ya amsa laifinsa, duk da ya bi wayoyin tun safe bai gano inda ya kuskure ba, wataƙila idonsa ne ya soma rauni. Yana roƙo in za a sallame shi a bar shi ya fita ta ƙofar baya, don yaran da ya koya wa aiki kada su gani.

"Da kuskure?"

Ta mayar masa da takardar. "Babu, Baba."

"Alhamdulillahi. Abin da ke cin raina, ban san me na yi ba. Da na sani da da sauƙi."

A ciki mutum biyar ne a dogon tebur: babban likita a tsakiya, Sista, wasu biyu daga gudanarwa, da sakatare a gefe da fayil a gabansa. Aka ba tsohon kujera shi kaɗai a ƙarshen tebur. Manaja ya yi magana mai santsi, ya jajanta, ya ce kamfaninsu ya riga ya ɗau mataki, ya tura rahoton gaban likita. Likita ya karanta layi huɗun, ya gyaɗa kai.

"Injiniya, ke kika duba. Haka ne?"

Ta miƙe, ko da yake ba wanda ya ce ta miƙe. Tsoro take ji sosai.

"Ranka ya daɗe, rahoton bai cika ba. Ni na rubuta shi, kuma bai cika ba."

Manaja ya yi gyaran murya. Ba ta dube shi ba. Ta faɗi komai: aron gurbi da mayarwa, layin da ta ƙara, shekara shidan da ɗauke wuta ke rufa mata asiri, kwana goma sha tara. Ta yi ƙoƙari ta sauƙaƙa, amma tana gani idanunsu suna kaucewa, ɗaya daga cikin na gudanarwa har ya leƙa wayarsa.

Likita ya cire tabarau ya murza ido. "Ni abu ɗaya nake so in gane. Da bai haɗa hasken ranan nan ba, da akwatin ya yi jiniya?"

"Da ya yi."

"To ai magana ɗaya ce da rahoton."

"Ba ɗaya ba ce, ranka ya daɗe! Wutarsa lafiya lau take. Akwatin ne ba ya iya daɗewa a kunne, kuma ni na yi shi haka. In kuka sallame shi, kun sallame shi ne don ya hana wuta ɗaukewa."

Sista ce ta fara motsawa. Ta dubi tsohon, ta kawar da kai, ta ce a hankali, "Wato ko wa ya haɗa, haka za ta faru."

"Ko wa ya haɗa, in dai ya iya aiki."

Likita ya sauke numfashi, ya dubi agogon bango. Mutum ne da ke da marasa lafiya suna jiransa, kuma daga sama an ce masa suna ake so kafin a tashi aiki. "Hukuma ba ta san baiti ba, Injiniya. Fom ɗin gurbi ɗaya gare shi: wanda sakacinsa ya jawo asara. In kamfani ne, sai mu rubuta kamfani, mu dakatar da akwatunanku."

"Ranka ya daɗe, a ba mu lokaci mu yi bincike na cikin gida," in ji Manaja da sauri. "Abin da ta faɗa hasashe ne tukuna."

Sai ga hannun Baba Mai Wuta a sama, kamar ɗan makaranta. Fuskarsa ta sake, tun da ya ji wayoyinsa ba su da laifi har zamansa ya canza. "Ranka ya daɗe, in dai suna ne, a bar nawa. Ni na ji abin da nake son ji. Ita yarinya ce, tana da sauran tafiya, ni kuwa ko yau ko gobe ne."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Da zaginta ya yi da ta fi samun sauƙi. Ga ƙofa an buɗe mata, mai haƙƙin da kansa ya buɗe, ba wanda zai ce ta yi ƙarya, ta riga ta faɗi gaskiyarta a gaban shaidu. Manaja ma ya dube ta da ido yana roƙo. Ta ji zuciyarta ta karkata, sosai ta karkata.

"A'a, Baba," ta ce. Ta juya wurin sakatare. "Ba hasashe ba ne. Sunana yana jikin layin da kwanan wata, zan kawo muku a buge. Rubuta nawa." Ta faɗi sunanta cikakke, har da na mahaifinta.

Manaja ya tattara takardunsa, ya miƙe, ya fita bai rufe ƙofa ba. Likita ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗaga kafaɗa ya yi wa sakatare alama da biro.

Sakatare bai rubuta ba. Ya buɗe fayil ɗin ya rufe, ya sosa ƙeya, ya matso kusa da likita yana magana ƙasa-ƙasa, amma ɗakin ƙarami ne, kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, sai dai a ɗauko sabon fom daga ƙasa. Wannan tun safe na cike shi da sunan Baba, har an buga hatimi."

Ba wanda ya dubi tsohon. Injiniya ta jawo kujerar da Manaja ya bari, ta kai ta ƙarshen tebur kusa da tasa, ta zauna.

"Je ka ɗauko," ta ce wa sakatare. "Muna jira."